Isnadin Ƙarfe: Tarihin Manyan Libarba da Ma'abota Tara Su

Kalmar libarba tana cikin kalmomin da suka shigo harshenmu tare da sojan Turawa, kamar yadda bariki da kyaftin da saje suka shigo, kuma abin da ake nufi da ita shi ne bindigar nan ta ɗamara mai ganga da ramuka biyar ko shida, kowane rami da harsashinsa, wadda in aka ja gudumarta baya sai gangar ta juya ta kawo sabon rami daidai da bututu. A cikin danginta akwai ƙanana na aljihu, akwai matsakaita irin waɗanda 'yan sanda suka daɗe suna ratayawa, akwai kuma manya masu kaurin ƙashi, waɗanda su ne maƙasudin wannan bayani. Abin da nake kira ƙashi shi ne uwar ƙarfen da ke riƙe da ganga da bututu da ƙota wuri guda, wadda ita ce ke shan dukan albarushi duk sa'ad da aka taɓa kunama. Kuma da yake gwargwadon girman harsashi gwargwadon kaurin da ake bukata gare ta, sai tarihin waɗannan bindigogi ya zama tarihin tsere tsakanin ƙarfin albarushi da haƙurin ƙarfe. Lambobin da mai karatu zai riƙa cin karo da su, irin su .44 da .45, awon faɗin harsashi ne, wato kashi 44 ko 45 cikin ɗari na inci guda, ko da yake maƙeran ba su cika tsayawa daidai kan awon da suka ambata ba.

Mutumin da ake jingina wa asalin wannan sana'a shi ne Samuel Colt, wanda aka haifa a garin Hartford na jihar Connecticut ta Amurka a 1814. Riwayar da ta shahara ita ce, yana ɗan shekara 16 ya shiga wani jirgin ruwa mai zuwa Kalkata, a cikin jirgin ya lura da yadda wani ƙarfe mai haƙora ke juyawa yana kullewa, sai ya sassaƙa siffar bindigarsa da itace. Wannan riwaya daga bakinsa ta fito, shi kuwa mutum ne da ya iya tallan kansa fiye da kowa a zamaninsa, kuma tabbas ne cewa wani Ba'amurke mai suna Elisha Collier ya riga shi ƙera bindiga mai juyawa a Landan tun 1818, sai dai tasa da ƙanƙara take tashi. Abin da babu jayayya a kansa shi ne Colt ya karɓi takardar haƙƙin ƙirƙira a Ingila a 1835, ya karɓi ta Amurka a watan Fabrairun 1836, ya kafa maƙera a garin Paterson, kasuwa ta ƙi shi, maƙerar ta karye a 1842.

Da labarin ya tsaya nan da ba wanda zai tuna da shi yau, amma sai aka yi katari waɗansu daga cikin bindigogin Paterson suka faɗa hannun mahayan Teksas masu gadin iyaka. A watan Yunin 1844 shugabansu John Hays, da mutum kimanin 15, suka yi arangama da mayaƙan Komanci, 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka ninka su yawa sau huɗu ko biyar. Kuma da yake dabarar Komanci a da ita ce su bari Bature ya saki harbinsa guda sannan su auka masa da kibau yana fama da ɗuri, ranar nan sai suka tarar da mutanen da ke harbi biyar a jere bisa doki ba tare da sun sauka ba. Cikin waɗanda suka halarci wannan karo akwai Samuel Walker, wanda bayan yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Meksiko a 1846 ya sadu da Colt, ya zayyana masa irin bindigar da mahayi ke bukata: mai rami shida, mai faɗin .44, mai ƙarfin da zai kayar da doki balle mahayinsa. Gwamnati ta yi odar 1,000 a farkon 1847, a kan dala 25 kowace ɗaya. Colt kuwa a lokacin ba shi da maƙera, ba shi ma da ko samfurin tsohuwar bindigarsa a hannu, sai ya kai aikin maƙerar Eli Whitney ƙarami, aka ƙera dubun nan, aka ƙara 100 domin kyauta da sayarwa ga farar hula.

Wannan, wadda ake kira Walker, ita ce kakar manyan libarba, kuma duk wanda ya ɗaga ta ya san ba a yi ta don ƙugun mutum ba, domin nauyinta ya kai laba huɗu da rabi, kusan kilo biyu ke nan, bututunta inci 9, shi ya sa a gaban sirdi ake rataya ta cikin kube, ɗaya dama ɗaya hagu. Ɗurinta bai yi nisa da na bindigar toka ta maharbanmu ba, sai dai sau shida ake yi: a zuba albarushi a kowane rami, a ɗora dunƙulen dalma, a danna shi da sandar da ke ƙarƙashin bututu, sannan a sa 'yar hular tagulla a bayan ramin. Aibobinta kuma ba ɓoyayyu ba ne. Sandar ɗurin takan faɗo in an yi harbi ta cushe a bakin ganga, har sojoji suka riƙa ɗaure ta da tsirkiya. Ramukanta suna cin albarushin da ya fi ƙarfin ƙarfen wancan zamani, har kusan 300 daga cikin dubun aka mayar da su gyara saboda fashewar ganga. Walker kansa bai daɗe da riƙe tasa ba aka kashe shi a garin Huamantla na Meksiko ranar 9 ga Oktoba, 1847. Abin da ya rage daga cikin 1,100 ɗin nan kimanin kashi ɗaya cikin goma ne, kuma a 2018 an sayar da guda, mai akwatinta na asali, wadda wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan ƙasar Denmark ya saya tana sabuwa, a kan dala miliyan 1.84 a wajen gwanjo.

Daga nan arzikin Colt ya buɗe. Ya gina maƙerarsa a Hartford, ya rage tsawon ganga da bututu ya fito da wadda ake kira Dragoon a 1848, ya baje kayansa a babban bikin nune-nune na Landan a 1851, har ya buɗe wata maƙera a can na 'yan shekaru. Yana cikin dabarunsa ya sa gwanayen zane su ƙawata bindiga da zinariya ya kai wa sarakuna da manyan hafsoshi gaisuwa, domin ya san inda sarki ya sa hannu nan baitulmali ke bi. A 1854, ana tsakiyar yaƙin Kirimiya, ya je har fadar Sarkin Rasha Nikolas na Ɗaya da irin wannan gaisuwa. Ya rasu a watan Janairun 1862 yana ɗan shekara 47, yana cikin mafi dukiyar mutanen Amurka, ana tsakar yaƙin basasar da ya cinye bindigoginsa dubu bisa dubu. Shekara biyu bayan haka gobara ta cinye mafi yawan maƙerar, tare da takardu masu yawa na farkon zamaninta, matarsa Elizabeth ta sake gina ta; asarar waɗannan takardu kuwa har gobe ma'abota tara bindigogi suna jin zafinta, saboda dalilin da zai zo nan gaba.

Akwai kuskure guda da Colt ya tafka wanda ya isa a tsaya a kansa. Wani ma'aikaci a maƙerarsa mai suna Rollin White ya zo masa da shawarar a huda ramukan ganga su zarce har baya, yadda za a riƙa ɗuri ta baya maimakon ta baki, Colt ya yi watsi da ita. White ya karɓi takardar haƙƙinsa a 1855, ya yi yarjejeniya da waɗansu maƙera biyu na garin Springfield, Horace Smith da Daniel Wesson, waɗanda suke da harsashi mai kwanson tagulla, albarushi da dalma da makunni duk a haɗe, ba abin da suka rasa sai gangar da za ta karɓe shi. Suka amince su riƙa ba shi santi 25 a kan kowace bindiga, bisa sharaɗin duk wanda ya kwaikwayi ƙirar shi White ne zai kai shi kotu da kuɗin aljihunsa. Sharaɗin nan ya cinye mafi yawan abin da ya samu, su kuwa suka kulle ƙofar kasuwa har 1869, maƙerar Colt tana ji tana gani.

Da wa'adin ya cika, Smith & Wesson suka fito da babbar libarbarsu ta farko a 1870, wadda ake kira Model 3. Hikimarta ita ce ana karya ta daga sama kamar yadda ake buɗe littafi, bututu da ganga su sunkuya gaba, kwanso shida su zubo a lokaci guda, abin da mahayin da ke riƙe da linzami da hannu ɗaya ba zai raina ba. Sojan Amurka suka sayi 1,000 kawai, amma Janar Gorloff, wakilin sojan Rasha a Amurka, ya gani ya yaba, aka ƙulla cinikin 20,000 a 1871, ciniki kuma ya yi ta bin ciniki har adadin ya haura 130,000. Rashawa ba su karɓi kaya ido rufe ba. Sun lura harsashin Amurkawa yana ɗauke da maikonsa a waje, inda yake kwasar ƙura da yashi yana cin bututu, suka ce lalle a mayar da maikon cikin kwanso. Wannan gyara ya haifi harsashin da ake kira .44 Russian, wanda ya yi suna wajen daidaiton saiti, kuma daga tsatsonsa harsasan .44 Special da .44 Magnum suka fito daga baya. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ita ma ta saya, Jafan ta saya, har ya zamanto a yaƙin Rasha da Turkiyya na 1877 zuwa 1878 akwai ƙirar garin Springfield a ɗamarar ɓangarorin biyu.

Yayin da maƙerar Springfield ta shagala da zinariyar Rasha, sai ta Colt ta yi wuf ta cike gurbin gida da bindigar da ta fi kowace libarba shahara a duniya, wato Single Action Army ta 1873, aikin William Mason da Charles Richards. Ba ta da saurin ɗurin kishiyarta, domin ɗaya bayan ɗaya ake tura kwanso waje ta wata 'yar ƙofa a gefe, kuma sai an ja guduma da babban yatsa kafin kowane harbi. Amma ƙashinta a rufe yake ta sama, kayan cikinta kaɗan ne, kowane maƙerin ƙauye yana iya gyara ta, harsashinta na .45 kuma ba ya bukatar a maimaita magana. Masu hankali daga cikin ma'abotanta harsashi biyar suke sawa, su bar gudumar a kan ramin da ba kowa, domin in ta faɗi ƙasa a cike tana iya tashi da kanta. Ita ce a ɗamarar mahayan sojan Amurka na rundunar Custer ranar 25 ga Yuni, 1876, da mayaƙan Lakota da Shayen suka gama da su a bakin kogin Little Bighorn. An ƙera 357,859 kafin a dakatar da ita a farkon yaƙin duniya na biyu, kuma da ta tafi ke nan, ba don finafinan kaboyi sun tayar da shauƙinta ba har aka komo da ita a 1956.

Ingilishi kuwa tasu hanya suka bi. A 1887 rundunarsu ta amince da libarbar maƙerar Webley ta Birmingham, mai karyewa daga sama, mai faɗin .455, wadda ke jefa dalma mai nauyi a hankali, bisa ra'ayin hafsoshin da suka yi yaƙe-yaƙen mulkin mallaka cewa abin bukata shi ne harsashin da zai tsayar da mai takobi ko mashi kafin ya iso. Ita ce bindigar ɗamara ta rundunar Ingila a shekarar 1903, lokacin da Kanar Morland ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, aka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka yi yaƙin Burmi a ƙarshen Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. Ba ita ta yanke hukuncin waɗannan ranaku ba, igwa da bindiga mai ruwa suka yanke shi. Amma daga ɗamarar waɗannan hafsoshi da magadansu ne sunan ya zamo ya shiga bakin Hausawa, kuma wannan kaɗai ne rabonmu a cikin labarin. Mafi shaharar zuriyar Webley ita ce ta shida, wadda ta fito a 1915 ta sha taɓon ramukan yaƙin Faransa.

Irin darasin da Ingilishi suka koya, Amurkawa sun sake koyonsa da tsada. A 1892 sojansu suka ajiye .45 suka koma ƙaramin harsashi na .38, sai ga su a kudancin tsibiran Filifin suna fuskantar Musulmin Moro, waɗanda mutum ɗaya daga cikinsu kan ɗaure jikinsa ya shigo da takobi ya sha harsashi uku ko huɗu bai fasa ba. Aka koma rumbu aka kwaso tsofaffin .45, sannan a 1909 aka amince da babbar libarbar Colt mai suna New Service, wadda gangarta ke fitowa gefe, kafin bindigar John Browning mai ɗura wa kanta ta karɓi aikin a 1911.

A wannan tsakani ne, cikin 1908, Smith & Wesson suka fito da bindigar da in aka tambayi ma'abota wace ce mafi kyawun ƙira a duk tarihin libarba, mafi yawansu ita za su ambata, kuma ni ma ra'ayina bai saɓa wa nasu ba. Sunanta na kasuwa New Century, amma laƙabin da ya bi ta shi ne Triple Lock, wato mai kulle uku, saboda bayan kullen da ke riƙe ganga ta baya da wanda ke riƙe sandarta ta gaba, an ƙara na uku a kan hannun da gangar ke lilo a kai, wanda sai gwanin maƙeri ya zauna da magagari ya daidaita shi da hannu. A kanta aka fara babban ƙashin da maƙerar ke yi wa alama da harafin N, a kanta kuma aka fara harsashin .44 Special. Masana sun yi ittifaƙi cewa kullen nan na uku ba lalura ce ta kawo shi ba, nuna gwaninta ne kawai, kamar malamin da ya ƙawata gefen takarda da zayyana alhali karatu ba ya bukatarta. Da yaƙin duniya na farko ya tashi Ingilishi suka yi odar ta a .455, sai suka ce wannan ƙyale-ƙyale taɓo zai cushe shi. Maƙerar ta cire kullen da rufin sandar a 1915, farashi ya sauka daga dala 21 zuwa 19. Saboda dala biyu da taɓon Faransa aka rufe babinta a kan guda 15,376. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917 kuma bindigogin Browning suka yi ƙaranci, sai maƙerun biyu, ta Colt da ta Springfield, suka ƙera manyan libarba fiye da 150,000 kowannensu, aka yi dabarar wani ɗan faifan ƙarfe mai siffar jinjirin wata da ke riƙe harsashi uku uku, domin su ci harsashin da ba don su aka yi shi ba.

Abin mamaki kuma, a tsakiyar shekarun karayar arziki, lokacin da miliyoyin Amurkawa ke layin karɓar abinci, a 1935, maƙerar Springfield ta fito da libarbar dala 60 mai sabon harsashi .357 Magnum, suna da aka aro daga babbar kwalbar giya. Ba a ajiye ta a kanti. Mai so ya rubuto ya faɗi tsawon bututun da yake so, daga inci uku da rabi zuwa takwas da rubu'i uku, da irin saiti, da nisan da za a daidaita masa shi, sannan a buga lambar rajista a jikinta, in ya aiko da katinsa a aika masa da takardar shaida mai ɗauke da sunansa. Lamba ta ɗaya an ba J. Edgar Hoover, shugaban hukumar bincike ta FBI. George Patton, wanda daga baya ya zama janar, ya sayi tasa ya sa mata ƙotar hauren giwa. Masu maƙerar sun zaci 'yan ɗaiɗaiku ne za su saya, sai oda ta fi ƙarfinsu, har suka daina rajistar a 1939 bayan kimanin 5,500. Da yake ba kowa ya damu da aika katin ba, yau takardar shaidar ta fi bindigar wuyar samu.

Babi na gaba na wannan tsere wani makiyayin shanu na jihar Idaho ne ya rubuta shi, Elmer Keith, ɗan gajeren mutum mai babbar malafa da kaifin alƙalami, wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1984. Yana saurayi ya cika wa wata tsohuwar Colt .45 albarushi har ta fashe masa a hannu, daga nan ya koma .44 Special, bisa hujjar cewa ƙaramin rami yana barin bango mai kauri a jikin ganga. Ya yi kusan shekara talatin yana ɗura harsasansa da zafi, yana rubuce-rubuce a mujallu, yana damun maƙera da wasiƙu, har kamfanin Remington ya yarda ya yi harsashin, Smith & Wesson suka yarda su yi bindigar, .44 Magnum ta bayyana a farkon 1956. An tsawaita kwanson da sumunin inci da gangan, don kada wani gafili ya cusa shi a tsohuwar bindigar da ba za ta iya ɗauka ba. Maharba kaɗan ne suka damu da ita, har sai da fim ɗin Dirty Harry ya fito a 1971, Clint Eastwood yana riƙe da ita, mutanen da ba su taɓa farautar ko zomo ba suka yi ta rububinta ninkin farashinta; dillalai kuma suna ba da labarin yadda ake komo musu da ita bayan 'yan kwanaki tare da kwalin harsashi da ba a taɓa komai a ciki ba sai shida.

To, ina ma'abota tara waɗannan tsofaffin ƙarafa suka sa gaba, kuma me ya sa guda biyu da suka fito maƙera ɗaya rana ɗaya, wannan ta yi kuɗin keke waccan ta yi kuɗin gida? Wanda ya zauna gaban malaman hadisi zai gane hanyarsu nan take, ko da yake ba ina gwama ilmi mai daraja da cinikin ƙarfe ba ne, usulubin kawai nake nufi. Su ma suna da isnadi suna da matani. Isnadinsu yana farawa ne daga littattafan jigilar kaya na maƙera, waɗanda Colt da Smith & Wesson suka adana; mai bindiga ya aika da lambarta da ɗan kuɗi, a bincika a rubuto masa wasiƙa cewa an fitar da ita rana kaza, zuwa ga dillali wane a gari kaza, tsawon bututunta kaza, rininta kaza, ƙotarta ta itace ce ko ta haure. Roy Jinks ya shekara da shekaru yana wannan aiki a Springfield, har sa hannunsa ya zama hujja a wajen gwanjo. Daga wannan wasiƙa ake bin silsila, wane ya gada daga wane, da rasidi da hoto da takardar rantsuwa a gaban alƙali. Inda silsilar ta yanke, sai a ce labarin kakan wane ne kawai, a saurare shi da ladabi, a ƙi biyan ko kwabo a kansa. Ga shi nan dalilin da ya sa gobarar 1864 ta zama musiba: mafi yawan bindigogin zamanin Colt kansa marayu ne ta fuskar isnadi.

Matani kuwa shi ne jikin bindigar, kuma a nan ne gwaninta take. Mai duba yakan fara da lambobi, ya ga ko ta ƙashi ta dace da ta ganga da ta bututu, har ya cire ƙota ya nemi lambar da aka rubuta da fensir a cikinta. Yakan dubi kan ƙusoshi masu murɗi, domin hannun jahili a nan yake fara barin sawu. A ƙirar Springfield ma yawan ƙusoshin yana faɗin zamani, masu biyar sun girmi masu huɗu, masu huɗu sun girmi masu uku. A bindigogin soja yakan nemi hatimin mai duban gwamnati a jikin ƙota, irin haruffan Orville Ainsworth da ke kan Colt na farko farko. Amma babbar mas'ala ita ce rini. Shuɗin da tsofaffin maƙera ke ba ƙarfe da wuta da gawayi yana da zurfi da sheƙi irin na rawanin ɗan Kura da ya sha bugu, ƙashin Colt kuma yana da dabbare-dabbaren launi da ake samu in an gasa ƙarfe cikin garin ƙashi da gawayi aka tsoma shi a ruwa. Da zarar an goge wannan aka sake rini, ko da sabon ya fi tsohon ƙyalli, rabin darajar ta tafi ko fiye, kuma ba ta ɓuya, domin gogewa tana dusashe haruffa tana kashe kaifin kusurwa. Duk da haka ƙa'idar tana da togaciya: tsofaffin Colt da sojan Amurka suka kwance suka yanke bututunsu zuwa inci biyar da rabi a ƙarshen ƙarni na 19, suka mayar da sassan ba tare da kula da lamba ba, cakuɗewar lambobinsu ita ce shaidar gaskiyarsu.

Inda kuɗi ya taru maƙirƙira ƙarya ba sa rasa zuwa. Maƙeran yankin Brescia na Italiya suna ƙera kwaikwayon Walker da Dragoon a fili da hatiminsu, halal ɗin sana'a, sai wani mazambaci ya goge hatimin, ya jiƙa ƙarfen da ruwan batir, ya binne shi ya yi tsatsa, ya buga masa lambar wata runduna. Akwai kuma ɓarnar da aka yi ba da nufin zamba ba, kamar dubban Webley da aka shigar Amurka bayan yaƙin duniya na biyu aka kankare bayan gangarsu domin su ci harsashin Amurka, wanda ya fi ƙarfin da aka yi su dominsa, aka ɓata tarihinsu aka kuma sa masu harba su cikin hatsari.

Ma'abotan sun kasu mazhaba biyu. Akwai waɗanda ba sa taɓa bindiga sai da safar hannu, ba sa ma yarda a juya gangarta don kada ta yi zobe, burinsu wadda ba a taɓa harbawa ba tana kwance a kwalinta. Akwai kuma masu cewa abin da aka yi don aiki ba a fahimtarsa sai an ji shi a hannu, su ɗura masa harsashi mai sauƙi su fita da shi sau ɗaya a shekara. Zuciyata ta fi karkata ga wadda kube ya cinye rininta, gumin hannu ya baƙanta ƙotarta, domin wadda ta kwana shekara ɗari a kwali ba ta da labarin da za ta bayar sai na kwalin. Sai dai ba zan ɓoye wa mai karatu ba cewa labarin da kasuwa ta fi biya wa kuɗi labarin jini ne. Colt ɗin da Pat Garrett ya harbe ɗan ta'addan nan Billy the Kid da ita a 1881, wadda a ƙira ba ta fi dubban 'yan'uwanta da komai ba, an sayar da ita a 2021 a kan fiye da dala miliyan 6, ba don komai ba sai don silsilarta ta inganta har zuwa daren da ta kashe mutum. Kuma a kan gangar kowace Walker da Dragoon akwai zanen karon nan na 1844, wanda masu saye ke auna saura nawa ya rage bai goge ba, alhali waɗanda aka zana suna faɗuwa a cikinsa mutane ne da ake ƙwace wa ƙasa.

Wannan sha'awa a Amurka ta yi rassa saboda dokarsu ta ɗauki abin da aka ƙera kafin 1899 a matsayin kayan tarihi. A Ingila kuwa an hana farar hula riƙe yawancin bindigogin hannu tun 1997, bayan kisan yaran makaranta a Dunblane, sai 'yan togaciya domin na tarihi. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattu, tsohuwa ce ko sabuwa, sai da izinin shugaban ƙasa, saboda haka rabon mai karatu a nan shi ne kallo. Wanda tafiya ta kai shi Ingila ya nemi gidan adana makamai na birnin Leeds, wanda ta kai Amurka ya nemi na garin Cody a jihar Wyoming. In kuwa New York ya sauka, to, a gidan tarihi na Metropolitan akwai Dragoon mai zanen zinariya mai lamba 12406. Tagwaininta, mai lamba 12407, ita ce Colt ya miƙa wa Sarkin Rasha a 1854, tana gidan tarihi na Hermitage a birnin St. Petersburg.